Kwalba Uku daga Tafkin Japhet

Rikoto, Zuru
9 ga Oktoba, 2005

Ɗiyata Rahmatu,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida babanki Saje da mamanki. Yaya azumi? Allah ya ba ku ikon kai shi. Kada ki yi ta juya takarda kina neman wace ce. Ni ce Leah, matar marigayi Japhet. Kakana da kakan babanki uwa ɗaya uba ɗaya suke. Sau ɗaya tak kika zo Rikoto, kina da shekara bakwai, kika faɗa tafkin bayan gidanmu garin kamun talibambam, Japhet ya tsamo ki da hannu ɗaya kamar kaza. To, ni ce na shanya miki riga.

Muna lafiya, ban da gwiwata da ke yi mini gardama da safe. Ɗana Gabriel da matarsa Joyce da yara duk lafiya.

Maganar tafkin nan ce ta sa na ɗauki biro. Ran Talata da ta wuce mun wayi gari kifaye sun taso sama, cikinsu fari fat. Tarwaɗa da karfasa, manya da ƙanana. Maƙwabciyata Margaret ta ce ta ga Gabriel yana wanke famfon feshi a bakin ruwan bayan ya fesa wa wake maganin ƙwari. Bai musa ba. Cewa ya yi, "Mama, cokali guda ne fa ke saura cikin famfo, mi zai yi wa tafki?" Mai unguwa ya sa an zagaye wurin da ƙaya. Ya ce mini, "Leah, ni ba ni son rigima. In ruwan ga na da guba, cike shi za a yi da ƙasa kahin ya kashe muna ɗiya."

Ke a bariki kika tashi, wataƙila ba a ba ki labarin golmo ba. Shekara bakwai Japhet ya yi yana yi wa babana noma da abokansa kafin a ba shi ni. A shekara ta bakwai ya gan ni ina hawa tudu da tulu a ka, sai ya tara abokan nan suka haƙa tafki a ƙarƙashin wani idon ruwa da ke tsattsafowa daga dutse. Ba wanda ya sa shi. Bai bar mini hoto ko ɗaya ba, wannan ramin ruwa ya bar mini. Da rana ta yi zafi nakan zauna a gindin ɗorawar da ke bakinsa, gyangyaɗi ya ɗauke ni, in riƙa jin ƙarar galmarsu da waƙar da suke yi. Wani lokaci har inuwarsa nake gani cikin ruwan, yana matashi, da laka har gwiwa. In aka cike shi ban san inda zan riƙa zama ba.

Fidelis mai shago, wanda ke zuwa Zariya saro kaya, ya ce babanki ya gaya masa aikinki gwada ruwa ne. Na roƙi mai unguwa ya dakata, na ce ina da ɗiya a Zariya. Ki taimake ni.

Gwaggonki,
Leah Japhet

Samaru, Zariya
18 ga Oktoba, 2005

Gwaggo Leah,

Barka da war haka, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Baba ya yi dariya har da tari da na karanta masa zancen kaza. Na tuna tafkin, Gwaggo. Ban tuna fuskar kowa ba, amma na tuna ruwan kore ne, da sanyi, kuma da na buɗe ido a ciki na ga haske yana saukowa layi-layi.

Na yi wa shugabarmu magana, ta yarda. Amma kada ki zaci wata babbar na'ura ce za ta yi aikin. Wasu 'yan halittu ne muke kiwo a ɗakin gwaji, ana ce musu ƙuman ruwa, don tsalle-tsalle suke yi cikin ruwa kamar ƙuma. Babbarsu ba ta wuce ƙwayar gero ba. Jikinsu garai yake, in na sa ɗaya a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu ina ganin zuciyarta tana bugawa. Ido ɗaya gare su, baƙi. Gansakuka muke ba su su ci. Namu duk mata ne, haihuwa suke yi ba tare da namiji ba.

Ga yadda aikin yake. Ina zaɓar jariran da ba su cika kwana ɗaya da haihuwa ba, in ɗauke su da ɗan bututun gilashi, in sa biyar-biyar a kofi huɗu na ruwanku, ashirin ke nan. Sai in surka ruwanku da mai kyau rabi da rabi, in sa wasu ashirin. In ƙara surkawa, in sa wasu, har kashi biyar. Akwai kuma kofi huɗu na ruwa mai kyau zalla, su ne shaidu. In fiye da biyu suka kwanta a cikin shaidun, aikin ya ɓaci, sai a sake. Kwana biyu za su yi ba abinci. Bayan kwana ɗaya, da kuma bayan kwana biyu, zan girgiza kowane kofi a hankali in ƙirga ɗaya zuwa goma sha biyar. Wadda ba ta tashi ta yi iyo ba, an lissafa ta cikin waɗanda ruwan ya kayar.

Yanzu ga naki aikin, don Allah a bi shi daidai. Kwalbar gilashi za ki samu, ba ta roba ba. Kada sabulu ya taɓa ta. Ki ɗauraye ta sau uku da ruwan tafkin, ki cika ta har baki a daidai inda ake wanke famfon, inda kifin ya taso. Yadda kika same shi haka za ki aiko shi. A sa kwalbar cikin kula mai ƙanƙara, Fidelis ya kawo mini ranar da aka ɗebo. Ki kuma kwafo mini sunan da ke jikin gwangwanin maganin.

'Yarki,
Rahmatu

Rikoto
24 ga Oktoba, 2005

Ɗiyata,

Gaisuwa a gurguje, mota na jira. Ga kwalba nan, ga sunan magani a bayan takarda, Joyce ce ta kwafa. Fidelis yana ta mita, wai, "Mama, wannan kwalba ɗaya ya fi kaya na duka wahala."

Tun da na karanta wasiƙarki nake tunanin 'yan matan nan naki. Garin mata zalla, ba miji, ba golmo, kowa zuciyarta a fili ana gani! Da mu ma haka aka yi mu, da zumuntar mata ta cocinmu ta watse tuntuni. Ki gaishe su, ki ce su yi mini adalci.

Leah

Samaru, Zariya
28 ga Oktoba, 2005

Gwaggo,

Ina gaisuwa, kowa lafiya a nan, sai shirin Salla.

Kwalba ta iso da sanyinta, na sa gwaji washegari da safe. Kofunan suna jere a kan tebur kusa da taga, in hasken safe ya ratsa su sai ki ga ɗigo-ɗigo suna hawa suna sauka, kowace da tafiyarta. Azumi ya sa kaina ya yi sakayau, na tsaya kallonsu har na manta ina riƙe da agogo.

Bayan kwana ɗaya, ashirin cikin ashirin suna iyo a ruwanku zalla. Bayan kwana biyu, haka. A waɗanda na surka ma haka, shaidu ma haka. Ko ɗaya ba ta kwanta ba.

Amma ki karanta wannan da kyau. Ƙuman ruwa ba mutum ba ne. Abin da gwajin ya ce shi ne, ruwan da ke cikin kwalbar nan bai kayar da su cikin kwana biyu ba. Bai ce a sha ba, bai ce ba magani ne ya kashe kifi ba. Kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ruwan ya zo garai kamar na famfo. Na zauna da shi a ƙarƙashin madubi ban ga ko ɗan tsaki ba. Kada a cire ƙayar tukuna, kuma kada Gabriel ya sake kai famfo wurin. Zan sayo irin maganin in gwada shi da kansa.

'Yarki,
Rahmatu

Rikoto
13 ga Nuwamba, 2005

Ɗiyata mai albarka,

Barka da Salla, ko da ta wuce. Allah ya maimaita muku. Mu ma lafiya, har gwiwa ta ji labari ta yi shiru.

Na kai wasiƙarki ƙofar mai unguwa, na tsaya gaban mutane na karanta da kaina, ba tabarau. Da na zo wurin ashirin cikin ashirin, Joyce ta rangaɗa guɗa. Margaret ta sunkuyar da kai. Sauran bayanin naku na 'yan boko ban tsaya karantawa ba, rana ta yi, mutane na son tafiya gona. Mai unguwa ya ce, "To, tun da Zariya ta ce lahiya, mu su wa?" A ranar aka kwashe ƙaya.

Jiya na koma gindin ɗorawata. Ruwan ya kwanta luf, gajimare guda yana tafiya a cikinsa a hankali kamar tsohuwa za ta kasuwa. Na lumshe ido, sai ga Japhet zaune a kan dutsen idon ruwa yana wanke ƙafa. Solomon mijin Margaret ya ce zai kawo 'ya'yan kifi daga wajen Sakaba a zuba, don a wanke zukata. Gabriel kuma ya fara shirin lambun tumatir a gefen tafkin.

Allah ya ba ki miji nagari, ko kuwa kin bi ra'ayin 'yan matan kofi?

Gwaggonki,
Leah

Samaru, Zariya
22 ga Nuwamba, 2005

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Lafiya muke, amma ni hankalina ba a kwance yake ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Wurin da kika tsallake shi ne wasiƙar. Zariya ba ta ce lafiya ba. Ni ban ce ba.

Na sayo maganin da Joyce ta kwafo sunansa. Na yi ta surka shi har ya zama kamar ɗigo ɗaya cikin duro guda na ruwa. Na sa jarirai ashirin. Da farko sun riƙa juyawa wuri ɗaya kamar masu hajijiya. Kafin kwana ɗaya duk sun kwanta a gindin kofi. Na girgiza, na ƙirga sha biyar, ba wadda ta tashi. Na sa ɗaya a madubi, zuciyar tana bugawa a hankali, hannayen iyon sun sandare. Shekara uku ina wannan aiki, ban saba da ganin haka ba har yau. Cokalin da Gabriel ya raina ya isa ya kayar da na duro ɗari.

Irin wannan magani laka yake kamawa ya zauna a ciki. Ruwan da aka wanke famfo a cikinsa, aka tattake bakinsa, ba zai zo mini garai ba. Na yi ta tunani ko ni na yi kuskure, na sake duba littafina layi-layi, ban ga inda na kauce ba. Gwaggo, don girman Allah, a ina aka ɗebo ruwan nan, kuma me aka yi masa kafin ya shiga kwalba? Ba tuhumarki nake ba. Sunana ne aka kira a ƙofar mai unguwa aka kwashe ƙaya, kuma yara suna shiga ruwan.

'Yarki,
Rahmatu

Samaru, Zariya
10 ga Janairu, 2006

Gwaggo,

Barka da Kirsimeti da sabuwar shekara. Fidelis ya zo sau uku, kowane zuwa sai ya buɗe mini hannu ya ce babu takarda. Ya ce kina lafiya, ya gan ki a coci. Baba ya ce na yi miki rashin kunya, wai ba a tambayar babba haka. In haka ne ki yafe mini. Amma tambayar tana nan.

Shekaranjiya na kifa kai a tebur da azahar, na yi mafarkin na sake faɗawa tafkin. Hasken nan yana saukowa layi-layi kamar dā, sai dai ba abin da ke motsi a ciki, kuma ba hannun da ya zo.

Rahmatu

Rikoto
6 ga Fabrairu, 2006

Ɗiyata Rahmatu,

Ina gaishe ki, ina gaida Saje. Ki ce masa ya bar ki, ba ki yi rashin kunya ba. Jikina lafiya. Wasiƙunki biyu suna cikin Littafina Mai Tsarki, kullum na buɗe sai sun faɗo mini a cinya.

Kifin da Solomon ya kawo daga Sakaba sun mutu ran Alhamis, kwana biyu bayan Gabriel ya fesa wa tumatir magani. Wannan karon ba wanda ya zargi maganin, tun da Zariya ta riga ta wanke ruwan. Margaret cewa ta yi wataƙila kifin ne ba su da ƙwari, har tana ba ni haƙuri. Haƙurin nan nata ya fi zagi ciwo.

Tun kafin kifin ma na lura. Da can in na zauna, mazari na shawagi a kan ruwan, ja da shuɗi, kwaɗi na faɗawa tsulum in sun ji tafiya. Yanzu shiru. Na yi ta lumshe ido a gindin ɗorawa, gyangyaɗi na zuwa, amma Japhet ya daina zuwa. Dutsen kawai nake gani.

To, ga amsarki. Ranar da zan ɗebo, na je daidai inda kika ce, da kwalba a hannu. Na duƙa. Ruwan ya yi baƙi-baƙi, ga laka, ga ƙarnin mataccen kifi, ga wani maiƙo a sama. Na cika kwalbar, na ɗaga ta a rana, sai kunya ta rufe ni. A gidanmu ba a miƙa wa baƙo ruwa da gurɓi. Uwata ta sha bugun hannuna a kan haka. Baƙo na idon ruwa ake ɗebo masa, a tace da farin ƙyalle, a ba shi a ƙwarya mai kyau. Na ce yanzu ɗiyar Saje za ta buɗe wannan gaban manyanta masu fararen riguna, su toshe hanci su ce, wannan ne ruwan garinku? Ruwan da Japhet ya haƙa? Sai na zubar. Na hau wurin dutse inda ruwan ke fitowa, na tara, na tace sau biyu da ɗankwalina fari na zumunta, na goge kwalbar har tana ƙyalli.

Wata uku ina gaya wa kaina kunya ce kawai da tarbiyya. Ba duka ba ne. Ina tacewa ina sane da cewa ruwan wurin dutse da na bakin tafki ba ɗaya ba ne. Haka ranar da na tsallake ƙarshen wasiƙarki, ba rana ce ta yi ba, idona ya riga bakina isa wurin. Na ji tsoro, Rahmatu. Tsoron a zuba ƙasa a kan Japhet karo na biyu nake yi.

Ga kwalba ta biyu. Daga inda kika ce, yau da safe. Na kau da kai na toshe ta.

Gwaggonki,
Leah

Samaru, Zariya
10 ga Fabrairu, 2006

Gwaggona,

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune, na yi kuka. Ban ji haushinki ba ko kaɗan yanzu. Kuma ki sani, da na buɗe kwalbar shugabarmu ba ta toshe hanci ba. Sunkuyawa ta yi ta shinshina, ta ce yau dai an kawo mana ruwan gaskiya.

Ga sakamako, ba zan sassauta miki ba. A ruwanku zalla, ashirin cikin ashirin sun kwanta kafin kwana ɗaya. A rabi da rabi, duka. A kashi ɗaya cikin huɗu, goma sha bakwai bayan kwana biyu. Sai a kashi ɗaya cikin goma sha shida ne yawancinsu suka iya iyo. Shaidu duk suna lafiya, don haka gwajin ya tsaya.

Amma wannan karon ma akwai ƙarshen wasiƙa, kada a tsallake. Kwalbarki ta farko ba a banza ta zo ba. Ta nuna idon ruwan da kansa lafiya yake, gubar daga baki take shiga. Ba dole sai an cike tafkin ba. A mayar da ƙaya. A daina kai famfo da gwangwani kusa, a wanke su can nesa a tudu inda ruwan ba zai gangaro ba, lambun ma a matsar da shi. Yanzu da ruwa ya ja, a kwashe lakar bakin da ta gindi a kai nesa. A bar damina guda ta wanke shi. Bayan nan ki aiko mini kwalba ta uku. Ba zan yi miki alkawarin abin da za ta ce ba.

In kina so ki duba da kanki kafin nan, ki ɗebi ruwa a kofin gilashi ki ɗaga shi saitin rana da safe. Tafki mai rai yana da nasa ƙuman, ba sai an kawo daga Zariya ba.

'Yarki,
Rahmatu

Rikoto
5 ga Maris, 2006

Ɗiyata,

Gaisuwa da godiya. Muna nan da rai.

Na karanta. Na sa tabarau wannan karon, na fara da wasiƙarki ta Oktoba daga inda na tsaya, sannan ta Fabrairu tun daga gaisuwa har sa hannu. Sannan na faɗi abin da na yi da ɗankwali. Ba guɗa. Wata tsohuwa a baya ta ce, "To, ai ko ni haka zan yi, wa ka aika ma birni ruwan laka?" Wasu suka yi dariya, ni ban iya ba. Margaret ta tashi ta tafi, yau sati uku ba ta zauna kusa da ni a coci ba, kuma tana da gaskiya.

Mai unguwa ya so a fara zuba ƙasa a satin. Solomon ne, wanda kifinsa suka mutu, ya ce a bi maganar yarinya. Aka tsaya a kan haka: ƙaya ta koma, a jira har wake ya yi fure. Kwalba ta uku ce za ta yanke. In 'yan matanki suka kwanta, ni da bakina na ce a cike.

Gabriel ya yi kwana goma sha biyu ba ya cin tuwona. Ya ce na tsayar da shi gaban jama'a na wanke shi, na sake tsayar da shi na tuɓe shi. Ran sha uku ina zaune sai na ji ƙarar shebur a bayan gida, da muryoyin maza. Na ɗauka gyangyaɗi ne ya ɗauke ni. Na leƙa, sai ga shi da abokansa shida cikin ramin, laka har gwiwa. In ka hango shi ta baya ya duƙa, ba ka raba shi da ubansa. Sun yi kwana tara suna kwasa. A gindi suka tono wani tsohon bakin galma da tsatsa ta cinye. Ni dai na ce na Japhet ne, ba wanda ya yi mini gardama.

Leah

Rikoto
2 ga Oktoba, 2006

Ɗiyata Rahmatu,

Ga azumi ya sake zagayo ku, sannu da ƙoƙari. Ki gaida Saje da mamanki. Gwiwa tana nan da halinta. Joyce ta sauka lafiya a watan Yuli, mace, an sa mata Praise. Margaret ta zo suna da ƙwaryar gero, mun gaisa, ba mu daɗe ba, amma mun gaisa.

Damina ta yi kyau. Tafkin ya cika ya tumbatsa sau huɗu, ya yi ta zubarwa ta ƙasa. Gabriel can bayan tudu yake wanke famfonsa, yana dawowa yana mita, amma can yake zuwa. Wake ya yi fure. Jiya bayan coci mai unguwa ya tare ni ya ce, "Leah, lokaci ya yi." Na ga an riga an tara ƙasa a gefen hanya, wai ta gyaran kwalbati ce. Ban tambaya ba.

Tun watan Agusta kullum da safe nake raɓawa ta gefen ƙaya da kofin gilashi. Sati da sati ba komai, ruwa ne da rana kawai. Ran Laraba na ɗaga kofin, sai na ga ɗigo uku. Na ce tsaki ne, ko idon tsufa. Na riƙe numfashi. Tsaki sauka yake yi, waɗannan hawa suke, su tsaya, su ƙara hawa. Na girgiza kofin a hankali yadda kika ce, na fara ƙirga. Ban kai sha biyar ba, a bakwai na ɓata, don hawaye ya hana ni gani. Na mayar da su inda na ɗebo su, na ce su gaida mai wurin.

Ban gaya wa kowa ba, kada a ce Leah ta sake karanta rabin wasiƙa. Wataƙila mafarki na yi a tsaye, kin san halina. Ke ce za ki faɗa, kuma duk abin da kika rubuto, da tabarau zan karanta shi har ƙasa.

Fidelis yana ƙofa. Ga kwalba ta uku, daga bakin nan na ƙasa. Za ki ga laka a gindi, za ki ji warin ganye, har da wani ɗan talibambam da ya shiga ya ƙi fita. Ki yi haƙuri da ruwan garinku, ɗiyata. Ban tace ba.

Gwaggonki,
Leah Japhet